Ko Ka Sani? Rubutun da Excel Ke Ɓoyewa a Bayan Jadawali

Malamin makaranta a Ushafa, can yankin Bwari, ya shirya sakamakon ɗalibai talatin a Excel, ya adana shi a matsayin shafin intanet. A fuskar kwamfuta layi talatin ne. Amma in ya buɗe fayil ɗin da Notepad, ɗaruruwan layuka zai tarar, waɗanda bai san lokacin da aka rubuta su ba.

Harshen da aka yi rubutun da shi shi ne HTML, wanda Tim Berners-Lee ya fito da shi a farkon shekarun 1990. Abin da jadawali ke buƙata a cikinsa kaɗan ne: alamar table ta buɗe jadawalin, tr ta ja layi, td ta yanka gida ɗaya inda suna ko maki zai zauna. Sauran tarkacen fa? Excel ne ke ajiye wa kansa bayani. Tun daga Office 2000 kamfanin Microsoft ya so a iya sake buɗe shafin a Excel ba tare da komai ya salwanta ba, shi ya sa ake cusa faɗin kowane gida da launinsa da salon harafinsa, da laƙabobi irin su xl65, da umarni masu farawa da mso waɗanda burauza ba ta ko kallonsu. Wani lokacin har da jaka guda a gefe, cike da ƙananan fayiloli. A ganina nauyin ya yi yawa, musamman ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa.

Kamar yadda mai sayen tukunya a cibiyar ginin tukwane ta Ushafa zai kifa ta ya duba aikin magini, haka ake gane shafin da Excel ya haifa: kusa da samansa akwai layi mai kalmar Generator, ɗauke da sunan manhajar.

Sai dai ba duka ne shara ba. Lambar waya a Nijeriya da sifiri take farawa, haka ma lambobin asusun banki da yawa. Excel kuwa, da ya ɗauke su a matsayin adadi, sai ya zubar da sifirin, 0803 ta koma 803. Umarnin mso-number-format ne ke gaya masa cewa wannan gidan rubutu ne, kada ya taɓa shi. Mai share tarkace da garaje, in ya haɗa da shi, ranar da aka mayar da shafin cikin Excel sai a nemi sifirin a rasa.

Haruffanmu masu lanƙwasa ma suna da nasu labarin. Tsohon tsarin haruffa na Windows-1252 bai san su ba, don haka akan rubuta su da lamba: ƙ ita ce 409, ɓ 595, ɗ kuma 599, kowace tsakanin alamomin &# da ;. In ka ga sunan Ɗanladi ko Bilƙisu ya cika da lambobi, bai lalace ba, burauza za ta fito da shi daidai. Wanda ya zaɓi UTF-8 wajen adanawa kuwa, haruffan yadda ya buga su haka za su zauna.