Kek Ɗin Laba: Mutum Nawa Zai Ƙosar, Yaya Za Ki Yanka Shi?

 Duk wadda ta zauna a Funtuwa ko Malumfashi ko Bakori ko Kafur ta san abin da ke biyo bayan kaka. Da zarar masara da dawa sun shiga rumbu, an kai auduga ma'auni, buhuna sun fara fita kasuwar Ɗandume, to sai bukukuwa su kankama: yau ɗaurin aure, gobe walimar saukar karatu, jibi suna. A da, cincin da alkaki da dubulan ne kan gaba a faranti. Yanzu kek ya shigo cikinsu ya zauna daram.

A bara na je sunan wata ƙanwata. An gasa manyan kek guda biyu masu kyau, ƙamshi ya cika gida. Sai aka miƙa wa wata yarinya wuƙa tun kek bai gama hucewa ba, ta riƙa zabga wa baƙin farko manyan yanka. Kafin la'asar dangin miji suka iso daga ƙauye, aka buɗe tire sai marmashi. Maijego ta rasa inda za ta sa kanta, kuma har yau maganar ba ta mutu a dangi ba. Kek ɗin nan da ya ishi kowa har a yi saura, da an yi lissafi kafin a ɗauki wuƙa. Wannan lissafin ne zan kawo miki yau.

Me ake nufi da kek ɗin laba?

Laba ma'auni ne na Turawan Ingila, wanda iyayenmu suka saba ji a wurin awon auduga da gyaɗa kafin zuwan kilo. Laba ɗaya giram 454 ce, wato kaɗan ya rage ta kai rabin kilo. An sa wa wannan kek sunan ne saboda asalinsa abu huɗu ake haɗawa, kowanne laba ɗaya: fulawa, sukari, bota da ƙwai. Tsohon girki ne, domin yana cikin littafin girke-girke na Hannah Glasse da aka buga a Landan a 1747. Faransawa ma suna da irinsa, sunan da suka ba shi yana nufin kashi huɗu daidai wa daida.

Irin wannan kek ne ya fi dacewa da taro. Cikinsa a cure yake, yana da nauyi, ɗan kaɗan yake ƙosarwa, yana yankuwa ba tare da wargajewa ba, kuma yakan yi kwana uku zuwa huɗu a rufe ba tare da firij ba.

Fara ƙidaya daga ledar bota

Ga hanya mai sauƙi da ba za ta ɓace miki ba. Ledar bota ɗaya mai giram 250 tana tafiya da fulawa giram 250, sukari giram 250, da ƙwai 5. Idan ba ki da sikeli, ki nemi kofin awo mai cin mililita 250: fulawa kofi 2, sukari kofi 1 da kwata. Wannan kwaɓin ya kai kilo ɗaya, kuma shi ke dacewa da gwangwanin gashi guda ɗaya irin na burodi, mai tsawon santimita 23 da faɗin santimita 13. Bayan gashi nauyinsa zai ɗan ragu saboda ruwan da wuta ta janye.

Idan kika yanka shi da kaurin santimita 2, wato kamar kaurin babban yatsanki, za ki samu manyan yanka 11. Wannan shi ne yankan karin kumallo da shayi, ko wanda za ki kai wa maigida da baƙinsa a zaure. Idan kika raba kowane yanka biyu, kin samu ƙanana 22. Wannan shi ne yankan taro, domin a suna ko biki akwai shinkafa, akwai waina, akwai cincin da lemo, babu wadda ta zo don ta ƙoshi da kek. Saboda haka ki riƙe wannan: ledar bota ɗaya, gwangwani ɗaya, mutum 22.

Mai gashi a faffaɗan tire kuwa, sai ta auna shi. Tire mai santimita 30 a kowane gefe, idan aka yanka shi murabba'i mai santimita 5, zai ba da layi 6 a tsaye, 6 a kwance, yanka 36 ke nan.

Su wa za ki ƙidaya?

A nan ne mafi yawanmu muke tuntuɓe. Mukan ƙidaya waɗanda muka gayyata kawai, alhali taron Bahaushiya kashi huɗu ne: matan da za su zauna, yaran da za su biyo su, gidajen da za a aika wa, da baƙin da ba a zata ba.

Bari mu ɗauki misali. Kina sa ran mata 60 da yara 30, yanka 90 ke nan. Akwai gidaje 10 da dole a aika musu, irin gidan surukai da maƙwabta da gidan ungozoma, kowanne yanka 4, an samu 40. Jimla 130. Ki ƙara 20 saboda baƙin ba-zata, ya zama 150. Ki raba 150 da 22, za ki ga gwangwani 7 kike bukata, waɗanda za su ba ki yanka 154. Cefanenki ke nan ya fito fili: bota leda 7, fulawa kilo 1 da giram 750, sukari haka, ƙwai 35, wato kiret ɗaya da guda 5. Kin ga sai ki gaya wa maigida adadi tsayayye tun da wuri. Ba ki jawo masa asara ba, ba ki jawo wa kanki kunya ba.

Yadda ake yanka shi

Na farko, haƙuri. Ko a oben kika gasa ko a tukunyar yashi bisa gawayi, ki bar kek ya yi minti 10 zuwa 15 a gwangwani, sannan ki juye shi ya huce sarai. Kek mai zafi botarsa ba ta daskare ba, shi ya sa yake maƙale wa wuƙa yana ɓarkewa. Abin da ya fi shi ne ki gasa tun ana gobe taro, ki naɗe shi a leda ya kwana. Washegari ya fi daɗi, ya fi yankuwa.

Na biyu, wuƙa. Ki nemi doguwa mai haƙora irin ta burodi, ki riƙa jan ta gaba da baya a hankali kamar mai zarto, kada ki danna. Ki ajiye ruwan zafi da tsabtataccen ƙyalle kusa, kina tsoma wuƙar kina gogewa bayan 'yan yanka. Idan babu irin wannan wuƙa, zare mai ƙarfi da tsabta ma yana aiki: ki zagaya shi, ki sarƙe bakinsa biyu, ki ja.

Na uku, alama kafin yanka. Ki fara tsaga kek ɗin gida biyu ta tsawonsa, sannan ki ɗora rular 'yan makaranta da kika wanke, ki yi alama da tsinke a kowane santimita 2. Sai ki bi alamar. Ido kaɗai yana yaudara, yankan farko yakan yi kauri, na ƙarshe ya zama kamar takarda.

Na huɗu, idan kek ɗin mai da'ira ne, kada ki yanka shi daga tsakiya zuwa baki kamar kankana, domin haka ba ya auki. Ki yanka shi layi-layi, sannan ki datsa kowane layi. Gutsattsarin gefe ki tara wa yara.

Kariya daga iskar hunturu

Bukukuwan bayan kaka suna faɗawa cikin hunturu, kuma iskarsa tana busar da yankakken kek cikin ɗan lokaci. Kada ki yanka duka tun safe. Ki yanka gwangwani biyu, ki rufe, in sun ƙare a ɗauko na gaba. Na cin gida kuwa, ki riƙa cira daga tsakiya, sannan ki matso ɓangarorin biyu su haɗe, ki naɗe. Wani masanin Ingila mai suna Francis Galton ya rubuta wannan dabara a mujallar kimiyya ta Nature a 1906, don kada bakin da aka yanka ya bushe.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi komai muhimmanci: kafin baƙuwar farko ta yi sallama, ki ware na surukai da na aike, ki ƙulla a leda, ki kulle a ɗaki. Wuƙa kuma ta kasance a hannun mutum ɗaya, babba mai natsuwa, wadda ta san adadin da aka lissafa. A gidan da ake da abokiyar zama, yankan 'ya'yanta da na naki su zama ɗaya, domin yara suna auna soyayya da kaurin abin da aka miƙa musu.

Allah Ya sa albarka a taronmu, Ya rufa mana asiri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.