Zanen yatsa da ADN gaban alƙali

Tun kafin takarda ta yawaita, mutanen Gidan Amumune, cikin gundumar Mayahi, suna da hanyarsu ta gano ɓarawo. In aka kwance akuya cikin dare, da asuba sai a kira mai bin sawu. Ya dubi rairayi, ya faɗi inda ƙafar ta nufa, jama'a su bi shi. Amma iska kaɗan ta isa ta shafe wannan shaida.

Alamar da ba ta sakewa tana bisa ɗan yatsa. Dattawa sun san ta sarai: wanda bai iya sa hannu ba, dangwala yatsa yake yi gaban hukuma. Da yawa sun shiga ajin yaƙi da jahilci ne domin su rabu da wannan tawada. Ga shi kuwa ta komo ta wata ƙofa, domin lokacin rajistar zaɓen 2020 hukumar CENI ta ɗauki zanen yatsun masu zaɓe da na'ura, mai karatu da marar karatu baki ɗaya.

Zanen yatsa yana fitowa tun mutum na ciki, kuma har ya mutu ba ya canzawa. Ko Hasan da Husaini, kowa da nasa. A 1892, a ƙasar Ajantina, wata mata ta kashe ƴaƴanta biyu ta ɗora wa maƙwabci laifin. Zanen yatsanta cikin jini a jikin ƙofa shi ya tona ta. Aikin ba shi da tsada: hoda, buroshi da idon gwani. Sai dai ɓarawo ba ya dangwalawa a tsanake. Abin da jandarma ke tararwa rabin zane ne, ko wanda ya goge. A 2004, bayan harin jiragen ƙasa na Madirid, ƴan sandan Amurka sun tsare wani lauya mako biyu saboda zane guda, kafin ƴan sandan Sipaniya su nuna cewa na wani mutumin Aljeriya ne.

Shaida ta biyu ita ce ADN, wadda masu Ingilishi ke kira DNA. Wani rubutu ne na halitta da ke cikin ƙwayoyin jiki, rabinsa daga uwa, rabinsa daga uba. Ana samunsa cikin jini, miyau, maniyyi da saiwar gashi. Wani malami na jami'ar Lesta ta Ingila, Alec Jeffreys, shi ya gano a 1984 yadda za a bambanta mutane da shi. Aikinsa na fari cikin shari'ar kisa ba kamu ba ne, saki ne. An kashe ƴan mata biyu a 1983 da 1986. Wani saurayi ɗan shekara 17 ya amsa laifin ɗaya, amma awo ya nuna ba shi ba ne. Daga nan aka auna maza wajen 5.000 na yankin. Mai laifin, Colin Pitchfork, ya tura abokin aikinsa ya ba da jini a madadinsa. Sai da bakin abokin ya suɓuce aka kama shi, aka kai shi kaso a 1988.

Wajen tabbatar da mutum, ADN ya fi ƙarfi, in ban da tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda awon da aka saba yi ba ya raba su. Amma yana son ɗakin bincike, da kuɗi, da tsabta mai tsanani. Zafi da laima suna lalata shi, ga hanya mai nisa, domin daga Maraɗi ma zuwa Yamai ya fi kilomita 600. A Jamus ƴan sanda sun yi shekaru suna neman wata mata da alamarta ta bayyana a wurare wajen 40 da aka yi ta'asa. A 2009 aka gane cewa ma'aikaciyar masana'antar da ke yin audugar ɗaukar samfur ce. Kuma ko awo ya yi daidai, abin da yake faɗi shi ne mutum ya taɓa wuri. Ba ya faɗin yaushe, ba ya faɗin dalili.

Babban bambanci yana wajen sirri. Zanen yatsa sunan mai shi kaɗai yake faɗi. ADN kuwa yana faɗin uba da uwa, yana nuna cututtukan gado irin amosanin jini, yana nuna ƴan'uwa. A 2018, a Kalifoniya, an kama wani tsohon ɗan sanda da ya yi kashe-kashe tun shekarun 1970 da 1980, ta hanyar bin ADN na danginsa na nesa da suka ajiye nasu a intanet. Wannan nasara ce ga shari'a. To amma a dubi ƙauye inda auren zumunci ya ɗinke gidaje: wanda aka ɗibi miyansa, an ɗibi na ƙanensa da ɗan baffansa ba tare da an tambaye su ba. Shari'ar Musulunci tana danganta ɗa ga mijin uwarsa. Takardar awo da ta faɗa hannun da bai dace ba tana iya rusa aure, ta tayar da rikicin gadon gona, alhali akuya aka zo nema.

Shi ya sa kotuna suka sa iyaka. A 2008 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce Ingila ba ta da ikon riƙe ADN da zanen yatsun waɗanda ba a same su da laifi ba har abada. A Janairun 2020 babbar kotun Kenya ta amince a ɗauki zanen yatsa domin sabuwar rajistar ƴan ƙasa in an tanadi dokar tsare shi, amma ta hana ɗaukar ADN. A Nijar, dokar 3 ga Mayun 2017 ce ta fara tsare bayanan mutum, ta kuma kafa hukumar HAPDP. Wata doka ta Disamban 2022 ta maye gurbinta. Bisa wannan tsari, manomin Gidan Amumune da ya ɗora yatsansa bisa na'ura yana da ikon tambayar wa ke riƙe da bayaninsa, don me aka ɗauka, kuma ya nemi a gyara in an yi kure.