Me Ya Sa Cinikin Hannun Jari na Yini Guda Ke da Wuyar Koyo?

Gabatarwa

A kusan dukkan sana'o'in da aka sani, tun daga ƙira da jima har zuwa aikin tiyata, wanda ya daɗe yana yi shi yakan fi gwaninta. Amma akwai wata sana'a ta zamani wadda bincike ya nuna cewa wannan ƙa'ida ba ta cika aiki a kanta ba, wato cinikin hannun jari na yini guda ta hanyar intanet. Mai wannan ciniki yakan zauna gaban kwamfuta ko wayar hannu, ya sayi hannun jarin kamfani, ya sayar da shi bayan 'yan daƙiƙoƙi ko 'yan sa'o'i, ba ya bari ya kwana a hannunsa. Ribar da kamfanin zai raba a ƙarshen shekara ba ta dame shi ba, ɗan hawa da saukar farashi kawai yake fako. Wannan maƙala za ta duba abin da ya sami waɗanda suka ɗauki wannan ciniki a matsayin hanyar cin abinci, sa'an nan ta bayyana dalilan hakan daga ɓangaren lissafi da kuma na ilimin halittu.

Taƙaitaccen Tarihi

A Amurka wannan ciniki ya fara bunƙasa. A shekarar 1975 aka soke tsayayyar la'adar da dillalan kasuwa ke karɓa, kuɗin ciniki ya fara sauka. Da intanet ta yaɗu a shekarun 1990, sai mutum ya sami damar saye da sayarwa daga ɗakinsa, ba sai ya buga wa dillali waya ba. Mutane da dama suka ajiye ayyukansu suka rungumi wannan harka, musamman ganin yadda farashin kamfanonin fasaha ke ta hauhawa. Ma'aunin kasuwar Nasdaq ya kai 5,048 a ranar 10 ga Maris, 2000, daga nan ya shiga gangarowa, har zuwa Oktoba 2002 ya zubar da kusan kashi 78 cikin ɗari na darajarsa. A 2001 hukumomin Amurka suka kafa ƙa'idar cewa mai yawan cinikin yini da asusun rance sai ya ajiye aƙalla dala 25,000. A 2019 manyan dillalan ƙasar suka daina karɓar la'ada, kuma zaman gida na annobar korona a 2020 ya sake kwararo sababbin 'yan ciniki cikin kasuwa.

Abin da Alƙaluma Suka Nuna

A shekarar 2000 wasu masana biyu, Brad Barber da Terrance Odean, suka wallafa nazarin da suka yi wa asusun gidaje 66,465 a Amurka, daga 1991 zuwa 1996. Waɗanda suka fi kowa yawan saye da sayarwa sun sami ribar kashi 11.4 cikin ɗari a shekara, alhali kasuwar ita kanta ta ba da kashi 17.9. Ke nan da sun sayi hannun jari iri-iri sun ajiye sun yi kwanciyarsu, da sun fi samu. Masanan biyu da wasu abokan aikinsu sun kuma bi diddigin kasuwar Taiwan daga 1992 zuwa 2006, inda suka tarar cewa waɗanda ke cin riba a kai a kai, bayan an cire kuɗin ciniki, ba su kai ɗaya cikin ɗari na masu cinikin yini ba.

Binciken da ya fi shafar batun koyo shi ne na ƙasar Brazil, wanda Fernando Chague da abokan aikinsa biyu suka yi. Sun bi mutanen da suka fara cinikin yini tsakanin 2013 da 2015 a kan takardun alkawari masu bin farashin manyan hannayen jarin ƙasar. Daga cikin mutum 1,551 da suka jure fiye da kwanakin ciniki 300, kashi 97 cikin ɗari asara suka yi, kashi 1.1 ne kurum suka sami abin da ya ɗara mafi ƙarancin albashi na ƙasar. Abin lura a nan shi ne, masu binciken ba su ga alamar cewa daɗewa na ƙara gwaninta ba. A Indiya ma, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta bayyana a 2024 cewa bakwai cikin goma na ɗaiɗaikun masu cinikin yini sun yi asara a shekarar kuɗi ta 2022 zuwa 2023.

Lissafi da Abokin Karawa

Dalili na farko lissafi ne. Ko da babu la'ada, kullum akwai ɗan rata tsakanin farashin saye da na sayarwa, kuma ɗan ciniki ne ke biyansa. Alal misali, a ce kowane saye da sayarwa na cin kashi ɗaya cikin dubu na kuɗin da aka zuba. Wanda ya juya dukkan jarinsa sau 5 a yini, har kwana 250 a shekara, kuɗin cinikin da zai biya ya kai kashi 125 cikin ɗari na jarin. Sai ya fara cike wannan rami kafin a yi zancen riba. Haka nan wanda ya yi asarar rabin jarinsa, sai ya ninka abin da ya rage kafin ya koma inda ya taso.

Na biyu, duk wanda ya saya, wani ne ya sayar masa, kuma galibi wannan wanin kwamfutar babban kamfani ce. A 2010 an kashe kimanin dala miliyan 300 wajen shimfiɗa wayar sadarwa daga Chicago zuwa New Jersey, don saƙo ya je ya dawo cikin abin da ya ɗan haura kashi 13 cikin dubu na daƙiƙa. Shi kuwa ɗan'adam, daga lokacin da haske ya faɗa wa idonsa zuwa lokacin da yatsansa zai motsa, yana bukatar kimanin rubu'in daƙiƙa. Kafin ya latsa maɓalli, saƙon na'ura ya je ya dawo fiye da sau goma sha biyar.

Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Koyo

To, in haka lamarin yake, me ke hana mutane dainawa? A nan ne ilimin halittu yake da abin faɗa. Dabba takan koyi abu ne idan sakamako yana bin aiki ba tare da saɓawa ba. Almajirin maƙeri in ya bugi ƙarfe ba daidai ba, nan take zai ga ya karkace, gobe ya gyara. A kasuwar yini kuwa, mutum na iya yin wauta ya ci riba, ya yi dabara ya faɗi, saboda motsin farashi cikin ɗan gajeren lokaci ya fi kama da dace.

A shekarar 1948 masanin halayya B. F. Skinner ya sanya tantabaru masu jin yunwa cikin keji, na'ura tana zuba musu tsaba bayan kowace daƙiƙa 15, ko me suke yi. Shida daga cikin takwas sai suka ƙirƙiro wa kansu al'adu, wata tana kewaya keji, wata tana cusa kai a kusurwa, kamar dai abin da suke yi ne ke kawo tsabar. Ɗan cinikin da ya ci riba sau uku bayan ya ga wani zane a jadawalin farashi yana iya faɗawa irin wannan tarko. Wasu gwaje-gwajen na Skinner sun nuna cewa ladan da ke zuwa jefi-jefi, ba a san ranar zuwansa ba, shi ya fi sa dabba nacewa, ko bayan ladan ya yanke.

Wolfram Schultz, wanda ya yi aiki da birai a ƙasar Siwizalan a shekarun 1990, ya nuna abin da ke gudana a ciki. Akwai ƙwayoyin jijiya a tsakiyar ƙwaƙwalwa masu sakin wani sinadari da ake kira dofamin. Idan aka ba biri ruwan 'ya'yan itace ba zato, sai ƙwayoyin su zabura. Idan ya riga ya san zai samu, zuwan ladan ba ya motsa su. A 2003 Schultz da abokan aikinsa suka ƙara nuna cewa aikin ƙwayoyin a lokacin jira ya fi ƙarfi idan samu da rashi sun yi kunnen doki. Kasuwar yini irin wannan jira take sayarwa daga safe zuwa yamma, shi ya sa mutum kan ji yana ƙara ƙwarewa alhali jarinsa yana zagwanyewa.

Tsoron Asara da Sinadaran Jiki

Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna a 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin riba mai daidai girmanta, daga baya suka ƙiyasta cewa ya ninka shi kimanin sau biyu. Saboda haka ɗan ciniki kan yi garajen sayar da abin da ya ɗan hau don kada ribar ta kuɓuce, ya ƙanƙame wanda ke faɗuwa da fatar zai farfaɗo. Odean ya tabbatar da wannan ɗabi'a a 1998 cikin asusu 10,000. Ƙarshenta sai a tara ƙananan riba da manyan asara.

Jiki ma ba ya zama ɗan kallo. A 2008 John Coates, tsohon ɗan kasuwar hannun jari da ya koma bincike a Jami'ar Kambirij, shi da Joe Herbert, suka auna yawun 'yan ciniki maza 17 a Landan, sau biyu a yini, har kwanakin aiki takwas. Sun ga cewa kotisol, sinadarin da jiki ke saki lokacin fargaba, yana hawa gwargwadon yadda kasuwa ke tangal-tangal. Wannan sinadari yana da amfani ga dabbar da ta yi kiciɓis da zaki, domin yana tura sukari cikin jini ta sami ƙarfin gudu. Amma idan ya daɗe a sama yakan ɓata barci, ya kuma sauya yadda mutum ke auna haɗari. Ma'aikacin banki yana da albashi da shugaba mai taka masa burki. Wanda ke jiran kuɗin cefane da na haya daga cinikin yau ba shi da ko ɗaya, fargabarsa kuwa ta fi tsanani.

Su Wa Ake Gani?

Mai karatu na iya cewa ai ana ganin waɗanda suka yi arziki da wannan harka. Gaskiya ne akwai 'yan ƙalilan masu gwaninta ta haƙiƙa, binciken Taiwan ma ya nuna haka. Sai dai a tuna cewa idan mutum 1,024 suka yi canke a kan kwabon da aka jefa sama sau 10, ana sa ran mutum ɗaya zai dace a dukkansu ba tare da ya san komai ba. Shi za a gani yana ba da darasi, sauran 1,023 sun koma gida shiru. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa wahalar wannan ciniki ba ta tsaya ga ƙarancin ilimi ba, ta haɗa da kuɗin ciniki, da saurin abokin karawa, da kuma yadda aka gina ƙwaƙwalwa. Wanda ya ga lalle sai ya gwada, ya kamata ya bi hanyar masu gwaji a ɗakin bincike. Ya rubuta dabararsa da iyakar asarar da zai ɗauka tun kafin a buɗe kasuwa, ya ajiye lissafin kowane ciniki har da kuɗin da aka cire, sa'an nan bayan ɗaruruwan ciniki ya kwatanta abin da ya samu da abin da zai samu da ya saya ya ajiye kawai. Kada ya zuba kuɗin rance ko na ciyar da iyali, kada kuma ya saki aikin da ke hannunsa kafin littafin lissafin ya ba da shaida. In littafin ya nuna asara, to shi za a bi, ko da zuciya na cewa gobe za a dace.