Damina: Yadda toshewar magudanar ƙasan gilashi ke cika mota da ruwa

An kwana ana ruwa a Abuja. Da safe mai mota ya fito ya tarar da ƙofofi a kulle, gilasai a ɗage kamar yadda ya bar su jiya, amma yana buɗe ƙofa sai warin danshi ya buge shi. Gilashin gaba ya yi raɓa ta ciki, kafet ɗin gefen fasinja kuma ya jiƙe sharkaf, har idan aka taka ruwa na tasowa ta gefen takalmi. Abin da ke fara zuwa zuciyar mutum shi ne robar gilashi ta saki, ko ta ƙofa ta mutu. Sai a garzaya gareji a shafe gefen gilashi da gam, wani lokaci ma a cire gilashin ɗungurungum a sake zaunar da shi, sannan ruwan sama na gaba ya sauka kafet ya sake jiƙewa.

Ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa robar gilashi lafiyarta ƙalau, matsalar tana wani wuri da yawancin masu mota ba su taɓa leƙawa ba: kwarmin da ke tsakanin gilashin gaba da bonet, wanda ke ɓoye a ƙarƙashin baƙar robar nan mai raga inda hannayen waifa suke kafe.

Aikin kwarmin ƙasan gilashi

Duk ruwan da ya sauka a kan gilashin gaba ƙasa yake gangarowa, ya ratsa ta ragar robar, ya faɗa cikin wannan kwarmi. Masu ƙera motoci sun yi shi ne kamar indararo, suka huda masa ƙananan magudanai, galibi ɗaya a kowane gefe, waɗanda ke fitar da ruwan ta bayan tayoyin gaba zuwa ƙasa. A wasu motocin magudanar rami ne kawai a jikin ƙarfe, a wasu kuma akwai ɗan bututun roba mai matsattsen baki wanda ke barin ruwa ya fita amma ya hana hayaƙi da ƙarar inji shigowa.

Ruwan da ke bi ta nan ba kaɗan ba ne. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ke nan, kuma faɗin gilashin gaban ƙaramar mota ya kai kimanin murabba'in mita ɗaya. Saboda haka idan aka tafka ruwa mai milimita 30 a dare guda, kusan lita 30 ne za su ratsa ta waɗannan ƙananan ramuka. A Babban Birnin Tarayya, inda ruwan shekara kan haura milimita 1,100 tsakanin Afrilu da Oktoba, motar da ke kwana a waje tana zubar da abin da ya fi duro biyar masu cin lita 200 ta wannan hanya kafin damina ta wuce.

Wani abu da ke ƙara wa wurin haɗari shi ne, a cikin wannan kwarmin ne ƙofar da ke jawo iskar waje zuwa kwandishan take. An ɗaga bakinta sama kaɗan domin ruwa ya wuce ta ƙasanta. Matuƙar magudanai na aiki, ruwan ba ya kaiwa bakin. Idan suka toshe, kwarmin kan cika kamar kwano, ruwa ya haura bakin ƙofar, ya bi ta matatar iska da fankar kwandishan, ya zubo ƙarƙashin dashbod. Da yake motocin Najeriya sitiyarinsu na hagu ne, fankar takan kasance a dama, shi ya sa gefen fasinja ne ya fi saurin jiƙewa. Ruwan kan kuma bi ta robobin da wayoyi ke ratsawa daga ɗakin inji zuwa cikin mota, musamman idan sun tsufa sun tsattsage.

Hunturu ke shuka matsalar, damina ta girbe ta

Toshewar ba a rana ɗaya take faruwa ba. Tun daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ke sauka a kan mota, tana shiga ta ragar robar tana kwantawa a ƙasan kwarmin. A daidai lokacin ne itatuwa da dama ke kaɗe ganye, kuma saboda zafin rana babu wanda ke son ajiye motarsa a fili. Inuwar darbejiya da mangwaro da malaina tana da daɗi, amma ƙananan ganyaye da fure da 'ya'yan da suke zubarwa duk nan suke taruwa. Yayyafin farko ba ya da ƙarfin wanke su, iyakarsa ya jiƙa ƙurar ta haɗu da ruɓaɓɓen ganye ta zama taɓo mai danƙo, ta toshe bakin magudana kamar an yaɓe shi. Kafin marka ta zo a watan Agusta, hanya ta riga ta rufe.

Motar da ta daɗe a ajiye tana da ƙarin matsala, domin ɓeraye na son wurin, sukan jawo tsumma da takarda su yi sheƙa. Masu wankin mota ma kan taimaka wa toshewar ba da saninsu ba, idan suka kora dattin saman bonet da tiyo zuwa cikin ragar maimakon su kwashe shi da hannu.

Ɓarnar da ba a gani da ido

Jiƙewar kafet ita ce mafi sauƙin abin da ruwan ke jawowa. A ƙarƙashin kafet akwai soso ko wani abu mai kauri kamar bargo da aka shimfiɗa domin rage ƙara, wanda ke iya riƙe ruwa makonni bayan saman ya bushe. Fumfuna kan fara tsirowa a wuri mai danshi cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kuma a rufaffiyar mota mai kwandishan ita mutane ke shaƙa, abin da kan tayar wa masu asma da ƙananan yara tari da atishawa. Daga nan sai tsatsa ta kama ƙarfen daɓen motar ta ciki.

Asarar da ta fi tsada tana ɓangaren lantarki. Motocin zamani cike suke da wayoyi da ƙananan kwamfutoci, kuma da yawansu a ƙasan dashbod, ko gefen ƙafar fasinja, ko ƙarƙashin kujera aka ajiye su. Idan danshi ya shiga mahaɗar wayoyi, sai mota ta fara abin da mai ita ba ya ganewa: gilasai su ƙi ɗaguwa, makulli ya riƙa buɗe kansa, fitilun gargaɗi su kama ba dalili, batir ya mutu cikin dare. Mai gyaran wayoyi na iya sauya kaya ɗaya bayan ɗaya, matsalar na dawowa, saboda tushenta na can ƙasan gilashi.

Samfurin Volkswagen Passat da aka ƙera tsakanin 1996 da 2005 sanannen misali ne. Batirinsa da na'urar da ke ƙara wa birki ƙarfi duk a cikin wannan kwarmin suke, magudanan kuma suna ɓoye a ƙarƙashinsu, yayin da kwamfutar da ke sarrafa gilasai da makullai take ƙarƙashin kafet ɗin gaba na hagu, daidai inda ruwa ke taruwa. A Amurka batun ya kai gaban shari'a, inda masu motocin Volkswagen da Audi suka haɗu suka yi ƙara kan yoyon ruwa ta magudanan rufi da na ƙasan gilashi, har wata kotun tarayya a jihar New Jersey ta amince da sasantawa a 2010. Sai dai matsalar ba ta kamfani ɗaya ba ce, domin kusan kowace mota tana da wannan kwarmi, kuma yawancin motocin da ke kan titunan ƙasar nan na hannu ne da suka shafe shekaru a wata ƙasa kafin su iso.

A fara tabbatar da inda ruwan ke fitowa

Ba kowane ruwa a cikin mota ne ke da alaƙa da wannan magudana ba, don haka yana da kyau a bambance kafin a kashe kuɗi. Idan kafet na jiƙewa ko da ba a yi ruwan sama ba, musamman bayan doguwar tafiya da kwandishan a kunne, to bututun da ke zubar da gumin kwandishan ne ya toshe. Idan ruwan yana da launi da santsi da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ruwan lagireto kuma yana raguwa, to na'urar ɗumama mota ce ke yoyo. Idan rufin ciki ko ginshiƙan gefen gilashi ne ke yin tabo, a duba magudanan tagar rufi ga motar da ke da ita.

Alamomin toshewar ƙasan gilashi kuwa sun haɗa da jiƙewa bayan ruwan sama ko wanki, jin motsin ruwa a bayan dashbod idan aka sha kwana, da fankar kwandishan da ke ƙara ko fesa danshi. Gwajin ba shi da wuya. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a zuba ruwa lita biyu a hankali a gindin gilashi, sannan a duba bayan tayoyin gaba. Idan hanya a buɗe take, ruwan zai zubo nan take ta gefe biyu. Idan ɗigowa kawai yake yi, ko ya fito ta gefe guda, ko bai fito ba sam, an gano bakin zaren.

Yadda ake buɗe hanyar

Aikin yana farawa ne da kashe inji da cire makulli, domin waifa na iya datse yatsa idan ta motsa. A buɗe bonet a kwashe ganyen da ke saman ragar da lungunan da ke kusa da maƙalan bonet. A wasu motocin wannan kaɗai ya isa a hango magudanan da tocila. A wasu kuma dole a cire robar gaba ɗaya, wato a kwance hannayen waifa tukuna. Kafin a kwance su, a manna ɗan salatif a gilashi daidai inda kowanne ke kwanciya domin a mayar da shi mazauninsa. Maɓallan robar suna bushewa da zafin rana, don haka a bi su a hankali kada su karye.

Idan kwarmin ya bayyana, a kwashe taɓon da hannu ko da injin zuƙe ƙura, kada a tura shi cikin rami. Sannan a zura wani abu mai lanƙwasa, kamar igiyar roba mai ɗan tauri, a cikin magudanar ana juyawa har ta ratsa. Ƙarfe mai tsini bai dace ba, domin yana huda bututun roba, yana kuma kankare fenti ya buɗe wa tsatsa ƙofa. Iskar kwamfireso ma sai da lura, saboda ƙarfinta kan fizge bututu daga mazauninsa. Bayan haka a toshe ƙofar iskar kwandishan da leda na ɗan lokaci, a zuba ruwa kaɗan-kaɗan har sai wanda ke fita ta ƙasa ya yi fari. Wani lokaci dattin a bayan robar da ke rufe saman taya yake maƙalewa, sai an sassauta ta an zazzage. Kafin a mayar da komai, a duba matatar iska, idan ta jiƙe ko ta yi baƙi a sauya ta.

Kuskuren da ya kamata a guje wa shi ne liƙe duk wani rami da aka gani da gam da sunan hana yoyo. Ramukan nan domin fitar ruwa aka yi su, kuma rufe su na mayar da kwarmin tafki.

Idan ruwa ya riga ya shiga, goge saman kafet ba ya wadatarwa. Dole a ɗaga shi, a matse soson da ke ƙasa ko a fitar da shi a shanya a rana har ya bushe ƙarau. Inda ruwa ya taɓa wayoyi ko kwamfuta, a cire kan batir kafin a taɓa komai, a bar sauran aikin ga ƙwararre, musamman wayoyi masu launin ɗorawa, waɗanda galibi na jakar iskar kariya ne.

Ga mai son sayen motar hannu, ko a Abuja ko a Kano ko Legas, cusa hannu ƙarƙashin kafet ɗin gaba da duba ƙusoshin kujera ko sun yi tsatsa na iya tona abin da turaren da aka fesa ya ɓoye. Ga wanda ya riga ya mallaka kuwa, lokaci mafi dacewa da duba magudanan shi ne watan Maris zuwa farkon Afrilu, bayan hunturu ya gama zuba ƙurarsa kuma kafin ruwan farko ya sauka, sannan a maimaita a tsakiyar damina idan a ƙarƙashin itace motar ke kwana. A yawancin motoci aikin ba ya wuce awa guda, kuma abin da yake buƙata bai wuce tocila da sifana da igiyar roba da bokitin ruwa ba.