Ƙwai a kwando ɗaya: me wannan karin maganar ke nufi ga makiyayi?

A tarukan horo na ƙungiyoyinmu kuna yawan jin ana cewa kada a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya. Karin maganar Ingilishi ce, "Don't put all your eggs in one basket", kuma Faransanci ma yana da irinta. Ma'anarta a fili take: in kwandon ya suɓuce, ba ƙwan da zai tsira. Ana faɗa wa mutumin da ya jingina rayuwar gidansa da abu guda.

A wurinmu, ƙwan su ne bisashe. Waɗanda suka ga farin 1984 ko na 2010 sun san shanu ne suka fi faɗuwa, domin da ciyawa suka dogara. Akuya da raƙumi kuwa suna cin ganyen itatuwa, sai su fi jurewa. Bayan fari ma, akuya ce ke saurin maido da garke: cikinta kamar wata 5 ne, na saniya kamar wata 9. Haka cuta: ciwon huhun shanu ba ya kama awaki.

Amma ga inda ake kuskure. Kwando biyu a kan mutum ɗaya, tuntuɓe ɗaya ya ishe su. Tumaki da awaki cutar PPR ɗaya ke kwashe su, gonar hatsi da makiyaya kuma ruwan damana ɗaya suke jira. Don haka kafin ka ƙara wata sana'a, ka tambayi kanka: abin da zai kashe ta farko, zai taɓa ta biyun? Kiwon turke domin layya, yin cuku, noman rani kusa da rijiya, ajiyar harawa da dusa, da sayar da ƴan bisashe tun suna da ƙiba a adana kuɗin, duka ba rana ɗaya suke faɗuwa ba.

Kada kuma a wuce gona da iri, domin taura biyu ba ta taunuwa. Ka ɗauki abin da hannuwan gidanka za su iya riƙewa, kuma kowace dabbar da ka ƙara, ka kai ta rigakafi lokacin gangamin shekara. Garken da ba a yi wa allura ba, komai yawan kalolinsa, kwando ɗaya ne.