SAMARIN KURFAI DA WAYAR SALULA

Garin Filinge, babban birnin ƙasar Kurfai, yana cikin kwarin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Tun kaka da kakanni samarin wannan ƙasa manoman hatsi ne da makiyaya, kuma da zarar an kai amfanin gona rumbu, da yawansu sukan tafi cin rani Yamai, ko Kwatano, ko Abijan, ko Legas. A da, in saurayi ya tafi, iyayensa ba su samun labarinsa sai ta wasiƙa, ko ta kaset da ya ɗauki muryarsa ya ba direba. Yau wayar salula ta karɓi wannan aiki.

Yadda abin ya zo

Kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar a shekarar 2001. Shi ne ya zama Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Orange ya shigo a 2008, aka sayar da shi a 2019, daga baya ya koma Zamani. Da farko sai ma'aikata da manyan ƴan kasuwa ke riƙe waya. Da ƙananan wayoyi masu araha suka cika kasuwa, sai ta shiga aljihun ɗan makaranta da na makiyayi.

A zamanin Shugaba Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyar Samariya ce ke haɗa matasa wajen aikin gayya da wasannin gargajiya. Daga shekarun 1990 sai fada ta maye gurbinta, inda samari ke zama suna dafa shayi suna hira. Fadar tana nan, amma yanzu kowace tana da takwararta a WhatsApp, inda wanda ke Abijan da wanda ke Filinge ke tattauna al'amarin biki ko gyaran rijiya kamar suna bisa tabarma ɗaya.

Amfaninta

Saƙon murya shi ya fi karɓuwa, domin ba ya bukatar karatu. Da Hausa ko Zabarmanci ake yinsa. Makiyayi yakan tambayi farashin rago a kasuwar Baleyara kafin ya kora dabbobinsa. Ɗan cin rani yakan aiko da kuɗin hatsi ta hanyar kamfanoni irin su Nita da Amana, su iso a yini guda. Sababbin sana'o'i kuma sun samu: cajin waya da hasken rana, sayar da kiredi, gyaran waya, da zuba finafinan Kano a katin waya.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin da rashin tsaro ya taɓa. A farkon 2020 an hana zirga-zirgar babura a jahar Tilaberi, kuma makarantu da yawa sun rufe a ƙauyukanta. Saurayin da ya rasa kabu-kabu, ko ɗalibin da ya rasa aji, sau da yawa waya ce ta rage masa hanyar neman aiki da jin labarin ƴan uwa.

Illarta

Amma kowane allazi da nasa amanu. Kuɗin kiredi daga rumbu yake fita, ko daga turken awaki. Akwai samarin da ke raba dare suna kallon TikTok da Facebook, gari ya waye gona na jiransu. Mazambata kan bugo wa mutum su ce ya ci kyauta, su nemi lambar sirrinsa. Mafi muni ita ce jita-jita: murya ɗaya ta ƙarya game da hari tana iya watse kasuwa, ko ta haɗa manomi da makiyayi faɗa.

Ba Nijar kaɗai ke fama da wannan ba. Indunusiya, wadda ke cikin ƙasashen da suka fi yawan masu kallon TikTok, ta hana saye da sayarwa kai tsaye a irin waɗannan dandali a 2023 don kare ƙananan ƴan kasuwarta. A Nijar kuwa an kafa dokar hukunta laifuffukan intanet a watan Yuli na 2019, kuma a watan Yuni na 2024 aka ƙara tsananta ta, aka maido da hukuncin ɗauri ga mai ɓata sunan wani ko zaginsa ta waya. Dokar ta haɗa da yaɗa abin da zai ta da hankalin jama'a. Ya kamata mai tura saƙon da bai tabbatar ba ya san haka.

Karatu bai tsufa ba

Wasu samari na cewa tun da waya na magana, ba su da bukatar ajin yaƙi da jahilci. Wannan kuskure ne. Wanda bai iya karatu ba dole ya miƙa wa wani wayarsa ya duba masa yawan kuɗin da aka aiko, da lambar da zai karɓe su. Ta nan asirinsa ke fita, wani lokaci har da dukiyarsa. Mai karatu kuwa shi ke duba ranar da aka rubuta labari, da wanda ya rubuta shi, kafin ya gaskata.

Saboda haka akwai aiki a gaban malaman yaƙi da jahilci, da hakimai, da shugabannin fada: a sa karanta saƙon waya da lissafin kuɗi cikin darussa, a kuma koya wa matasa su tambayi tushen labari kafin su tura shi gaba. Waɗanda suka riga suka sami takardar shaida su ne ya fi cancanta su fara, kowa a fadarsa.