Ɓeran Gida Idan Ya Koma Daji: Rayuwa ko Halaka?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da ke kiwon ɓera a cikin keji don sha'awa, kamar yadda ake kiwon tantabara ko zomo. Wani lokaci ɓeran yakan kuɓuce, wani lokaci kuma mai shi ne ke gajiya da ɗawainiya, ya kai shi bayan gari ya sake shi, yana ganin ai ɓera ba ya rasa yadda zai yi. Masana halayyar dabbobi sun daɗe suna bin diddigin wannan zato, kuma abin da suka gano bai yi daidai da shi ba gaba ɗaya.

Ɓeran da aka fi kiwo ya samo asali ne daga babban ɓeran nan mai ruwan ƙasa da ke yawo a magudanan ruwa na birane. Tun a ƙarni na 19 aka fara zaɓen masu sauƙin hali da masu baƙon launi ana haɗa su a Ingila, kuma daga 1906 Cibiyar Wistar da ke Filadelfiya ta shiga tsara irin farin ɓera don binciken likitanci. Wannan dogon zaɓe ya bar alama a jikinsa. Ƙwaƙwalwarsa ta ɗan ragu, haka ma ƙullin nan na saman ƙoda wanda ke fitar da sinadarin razana. Ɓeran daji yakan yi kwanaki yana kewaye sabon abu kafin ya kusance shi. Na keji kuwa sai ya nufe shi kai tsaye yana sansana.

To amma ko dabarun kakanni sun ɓace ke nan? A 1977 Robert Boice ya ba da rahoton fararen ɓerayen ɗakin bincike da ya ajiye a wani killataccen fili a jihar Mizuri. Sun haƙa ramuka irin na danginsu na daji, sun hayayyafa, sun kuma jure sanyin da ya kai awo 30 ƙasa da sifili, har tsawon shekara biyu. A Jami'ar Okosfod ma, Manuel Berdoy ya saki ɓeraye 75 a wani shingen gona, ya fitar da fim a kansu a 2002. Cikin ɗan lokaci suka gano ruwa da abinci da maɓoya, suka fitar da hanyoyi, suka san babba da ƙarami a tsakaninsu.

Sai dai mai karatu ya lura cewa duka gwaje-gwajen nan a cikin shinge aka yi su. A waje, farin gashi tamkar tuta ne ga mujiya da shaho da kyanwa, kuma fararen ɓeraye masu jan ido ba su da ƙarfin gani. Ga kuma 'yan uwa: mazan ɓerayen daji ba sa karɓar baƙo a yankinsu, sukan far masa da cizo. Saboda haka ɓera guda da aka yasar a bakin hanya, da wuya ya daɗe. Abin da ke kashe shi ba mantuwa ba ce, rashin lokacin koyo ne.

Labari yakan sauya idan dabbar ba ta yi nisa da asalinta ba, kuma wurin ya dace da ita. Misali mafi shahara ya shafi gafiya, wadda kowane yaron karkara ya sani a ƙasar Hausa. Amurkawa sun riƙa shigo da ita daga Afirka a matsayin dabbar sha'awa. A wajajen 1999 wasu 'yan ƙalilan suka fita daga hannun wani mai kiwonsu a Grassy Key, wani ƙaramin tsibiri a kudancin jihar Fulorida. Gafiya ba ta bi ta ɗaruruwan zuriya a keji ba, don haka da wayonta cikakke ta fita. Tsibirin na da ɗumi duk shekara, ga 'ya'yan itatuwa, ga abincin karnuka a bayan gidaje. Nauyinta yakan wuce kilo 1, cikinta kuwa wajen wata guda ne, tana haifar har 'ya'ya 5 a lokaci ɗaya. Ko ambaliyar guguwar Wilma ta 2005 ba ta gama da su ba.

Hankalin hukuma ya tashi saboda dalilai biyu. Babbar hanyar mota ta haɗa tsibirin da sauran Fulorida, gafiya ɗaya mai ciki a bayan babbar mota ta isa ta kai irin cikin gonaki. Sannan a 2003 cutar ƙyandar biri ta ɓulla a jihohi 6 na Amurka, bayan an shigo da ƙananan dabbobi kimanin 800 daga Gana, cikinsu har da gafiya. Cutar ta kama wasu dabbobi dangin kurege da ake sayarwa don kiwo, daga nan ta shiga mutane, aka lissafa 47. A watan Yuni na shekarar aka haramta shigo da dangin ɓera daga Afirka.

A 2007 aka baza wuraren ɗana guba kusan 1,000 a Grassy Key, ana gauraya ta da tunkuzar gyaɗa don jan hankalinsu. Wasu masu gidaje suka hana ma'aikata shiga filayensu, waɗannan filaye kuwa suka zama mafaka. Zuwa 2009 an ɗauka an ga bayansu. A 2011 mazauna tsibirin suka sake ganin gafiya, aka koma ɗana tarko.